Yaya ake sabunta tsohon takalmin kambas da atamfa?

Tambaya daga unguwar Nima, Accra: Assalamu alaikum. Ina da kambas da na saya a kasuwar gwanjo ta Kantamanto, tafinsa na nan garau, amma yadin saman ya koɗe, ya kuma yage wajen babban yatsa. Shin zan iya lulluɓe shi da ragowar atamfa a gida?

Amsa daga unguwar Mamobi: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki fara wanke atamfar domin sitacinta ya fita, in ba haka ba za ta tsuke bayan kin manna. Ki zare igiyar, ki zana kowane ɓangare na saman takalmin a takarda, sannan ki yanka yadin da rarar santimita 1. Ki shafa gam a jikin takalmin da bayan yadin, ki jira ya sha iska har ya daina bin yatsa, kafin ki haɗa su tun daga dunduniya.

Wata amsa: Hajiyar Mamobi ta faɗi gaskiya, sai dai gam kaɗai ba ya jure ruwan damina, nawa ya ɗago a mako na biyu. Ki kai wa mai gyaran takalma ya bi bakin tafin da basilla da zare mai kauri.

Mai tambaya: Na gode. Ramukan igiyar fa?

Amsa daga Mamobi: Ki huda su da tsinin almakashi bayan gam ɗin ya bushe sarai.