Ina neman littafin da aka ɗinke labarinsa har kalmasa

Telan Tudun Wada:

Assalamu alaikum jama'a. Ni tela ne a Tudun Wada, nan Kaduna. In an ɗauke wuta keken surfani ya tsaya, ba na zuwa majalisa, sai in kishingiɗa kan tulin yadi in buɗe littafi, na takarda ko na waya, Hausa ko Turanci. Daga Babbar Sallah zuwa yau na gama guda tara. Uku kaɗai zan iya miƙa wa wani ba tare da na ji kunya ba.

Bari in fara da littattafan yaƙi da aljanu, don su na fi ƙauna, su kuma suka fi ɓata mini rai. Wanda na gama shekaranjiya, an kai jarumi cikin kogo, aljani mai kai bakwai ya tare ƙofa, takobi ya karye. Na gyara zama, na ce yau za a ga dabara. Kawai sai jarumin ya tuna da wani zobe da kakarsa ta ba shi. Wace kaka? Wane zobe? Na koma baya shafi-shafi, babu inda aka taɓa ambatar ko ɗaya. A sana'armu wannan shi ne ka gama riga, mai ita ya saka, sannan ka tuna ba ka yi aljihu ba, ka liƙa masa da wani ƙyalle daban. Ni ba na ƙin sihiri a labari, amma a ba shi ƙa'ida, a gaya mini abin da yake ci wa mai shi. In zoben zai cece shi, to ya rage masa shekara goma na kwana, ko ya ɗauke masa ido ɗaya. Sannan ga suna kullum iri ɗaya: birnin Kisra, birnin Sin, boka da madubin tsafi. Kamar mu ba mu da duwatsu da kufai.

Littafin binciken kisa kuwa, wannan ya fi ciwo, don naira 500 na tura kafin a saka ni a rukunin WhatsApp ɗin. An tsinci gawar Alhaji a ɗakinsa, ƙofa a kulle ta ciki. Sati uku ina zargi. Na zargi direba, na zargi amarya, har yaron shagona na jawo cikin lissafin, muna guga muna gardama. Ƙarshe me ya faru? Mai laifin ya haukace, ya fito tsakiyar kasuwa yana tona wa kansa asiri, wai alhaki ne ya kama shi. Kuma wani ƙanin uwargida ne da sau ɗaya aka ambace shi wajen zaman makoki. Yadda aka yi ƙofar ta kullu ta ciki, har yau ba a faɗa ba.

Don kar a ce ƙorafi kawai na iya: My Sister, the Serial Killer na Oyinkan Braithwaite, na 2018, tun daga sunan ka san wadda ta yi kisa, amma a dare ɗaya na cinye shi, saboda abin da ke jan ka shi ne yayar, ma'aikaciyar jinya, har yaushe za ta ci gaba da goge jinin da ƙanwarta ke zubarwa. Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim shi ma ƙarshensa ya yi mini ɗaci, amma ɗacin tun ranar da Reza ya haura katangar Hajiya Binta aka fara saƙa shi.

Tambayata: wa ya san littafi na 'yan shekarun nan, musamman na Hausa, da marubucin bai yi wa mai karatu wayo a ƙarshe ba?

Malamar Kawo:

Wa alaikumus salam. Malam tela, ka yi gaskiya rabi. Ni ina koyarwa a firamare, kuma na taɓa rubuta irin wanda ka biya 500 ɗin, saboda haka bari in gaya maka yadda ake ɗinkin ta ciki. Kai kana yanka yadi ne bayan ka gwada mutum. Mu kullum dare sai ka saki shafi, in ka yi kwana biyu shiru a cika maka waya da "Anti lafiya?", wasu har da neman a mayar musu da kuɗinsu. Ana cikin tafiya masu karatu su ƙaunaci wanda ka shirya shi ne makashin, su yi ta roƙo kar a ɓata shi. Me za ka yi? Sai ka nemo ƙanin uwargida ka ɗora masa. Babu edita, babu mai dubawa, a waya ake bugawa da babban yatsa bayan an kwantar da yara.

In kana son rubutun da aka zauna aka tace, nemi gajerun labaran gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata. Da yake an ƙayyade yawan kalmomi, ba wurin ɓoye zobe. Sai dai yawancinsu matsalolin gida ne da na rayuwa, ba za ka sami aljani mai kai bakwai ba.

Baba Mai Ritaya, Unguwar Sarki:

Ɗana, ka sa ni dariya da zancen aljihu. Amma kar ka ɗauka yaran yanzu suka fara. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Ka koma ka duba na farkon, ai Alhaji Imam ma da taimakon aljanu ya kai ga ruwan. Me ya sa ba mu yi fushi ba? Saboda ba ruwan ne ya zaunar da mu ba, Malam Zurƙe ɗan Muhamman ne. Duk garin da suka haɗu sai ɗaya ya yi wa ɗaya tsiya, kana jira ka ga ramuwa. In mutanen cikin labari suna da rai, mai karatu yana yafe abubuwa da yawa. Naka jarumin na kogo, in ban da ƙarfi, me ka sani game da shi? Yana da abokin wasa? Yana jin yunwa?

Mu da muka yi zamanin James Hadley Chase da jerin Pacesetters a shekarun 1980, ana karɓar aro hannu da hannu har bango ya cire, abin da muka saba shi ne a ajiye maka alama tun farko, ka wuce ta ba ka gani ba, a ƙarshe ka dafe kai. Wannan horo ne, sai wanda ya karanta da yawa yake iya shi.

Na zamani ban bi sosai ba, ido ya yi rauni. Jikata ta karanta mini Born on a Tuesday na Elnathan John, ɗan garin nan ne ma. Muryar almajirin nan Ɗantala ta zauna daidai, ban ji inda aka cusa masa maganar manya a baki ba.

Ɗan Rigasa:

Yaya tela, inda ka ce kamar ba mu da duwatsu da kufai, nan ka sosa mini inda ke ƙaiƙayi. Tomi Adeyemi ta ɗauki abubuwan bautar Yarabawa na gargajiya ta gina Children of Blood and Bone a 2018, duniya ta karanta. Mu ga Jangare, birnin iskoki, da gidajensa da sarautunsa: Sarkin Rafi, Ɗan Galadima mai caca da kyauta, Inna, Kuturu. Ga Turunku nan kan hanyar Zariya, ga Dutsen Kufena. Ɗan Galadima kaɗai ya isa littafi uku.

Malamar Kawo:

Ɗan Rigasa, rubuta mana mu gani. Ranar da ka saka Sarkin Rafi a shafi, kafin la'asar an ce kana tallar bori. Shi ya sa ake gudu birnin Sin, can babu wanda zai zo ƙofar gidanku. Ka manta a 2007 an tara littattafan Hausa an cinna musu wuta a Kano, kuma na soyayya ne kawai?

Telan Tudun Wada:

Na gode ƙwarai. Baba, Allah ya ƙara girma, na karɓi gyara: na duba, jarumin nawa ko sau ɗaya bai ci abinci ba a cikin shafuka 200. Malama, na ji uzurinku, amma ni ma ana tsaye a kaina daren Sallah, kuma ban taɓa ba mutum wando ƙafa ɗaya ba. Ki taimaka ki tambayar mini a rukuninku, ko akwai wadda ta san yadda aka kulle ƙofar Alhaji ta ciki. Yaron shagona ya ce ta silin aka bi, mun sa kwalbar lemo a kai.