Taƙaitawa: yawan manhajojin kallo da satar fasaha

Ga abin da na tattaro daga muhawarar 'yan Jos kan ko yawan manhajojin kallon fim ne ke jawo satar fasaha:

1. Kusan kowa ya yarda fina-finai sun warwatsu: wani a Netflix, wani a Prime Video, na Kannywood a YouTube ko Northflix. Biyan kuɗin wata na manhajoji biyu-uku, ga data, ya fi ƙarfin talaka.

2. Shi ya sa ake komawa sauke fim ɗin sata a Telegram, ko wajen masu tura fim a waya a kasuwar Terminus.

3. Shawarar da ta fi rinjaye: a biya manhaja ɗaya, a gama kallo, a soke, a koma wata.

4. An rabu kan laifi. Wasu sun ce tsada ce ta jawo. Wasu suka ce haƙƙi haƙƙi ne, furodusan da ya ci bashi ake karyawa. Ni ma nan na tsaya.