Na faɗi ƙididdiga da maki 37: in sake jarrabawar yanzu ko in bari sai baɗi?

Autar Gida: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ina aji uku a jami'a, na faɗi kwas ɗin ƙididdiga. Maki 37 na samu, da 40 ake ci. Sashenmu ya ba mu zaɓi biyu: ko in sake zama nan da mako biyar, amma ko nawa na ci 40 za a rubuta mini, ko in ɗauki kwas ɗin baɗi tun daga farko a ba ni abin da na samu. Matsalata ba karatun ba ne, na san darasin. Ranar jarrabawar ina buɗe takarda hannuna ya kama rawa, biro na zamewa saboda gumi, na kai minti 20 ina kallon tambaya ta farko kamar da wani yare aka rubuta ta. Yanzu ko littafin na hango a kan tebur sai gabana ya faɗi. Kuma har yau ban iya gaya wa Baba ba. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, yaya ya yi?

Ɗan Baiwa: Wa alaikumus salam. Ki dage da karatu kawai ƙanwata, ki rage waya. Allah Ya ba da sa'a.

Uwar Biyu: Malam ka karanta abin da ta rubuta kuwa? Ta ce ta san darasin, tsoro ne ya kayar da ita. 'Yar uwa, ni ma haka ta faru da ni a kimiyyar sinadarai. Abin da ya fisshe ni shi ne na daina karanta littafi ina maimaitawa. Kullum da ƙarfe tara na safe, daidai lokacin da za a yi jarrabawar, sai in rufe ƙofa, in ajiye agogo a gabana, in ɗauki tsofaffin tambayoyi in amsa ba tare da na leƙa komai ba. Kwana ukun farko kuka na yi. A mako na biyu jikina ya saba, agogon ya daina ba ni tsoro. Ki zauna nan da mako biyar tun abin yana kanki. Shekara guda da wannan fargaba a ƙirji ba ƙaramin kaya ba ne.

Sarkin Kariyoba: Maki 37 kike wa kuka? Ni 11 na taɓa samu, kuma na tabbata goma daga ciki na rubuta sunana daidai ne.

Mai Lissafi: A bar wasa, a yi lissafi. A tsarin maki biyar na haɗa sakamakon digiri, ana ninka makin darajar da aka samu da yunit ɗin kwas, wato nauyinsa. Idan kwas ɗin yunit uku ne kika ci da ƙyar, ɗaya sau uku kenan, maki 3. Idan kika jira baɗi kika samu B, huɗu sau uku, 12. Tazarar ba kaɗan ba ce ga mai neman fita da sakamako mai kyau. Ni baɗi zan ce.

Uwar Biyu: Mu tsarin maki huɗu muka yi, lissafinka bai hau kanmu ba. Kuma baɗi ai da kwasa-kwasan ajin ƙarshe da aikin bincike za ta haɗa shi.

Wanda Ya Gani: Ku dai kuna ta lissafi kamar ana bin ƙa'ida. Bari in ba ku nawa. Na faɗi wani kwas a aji biyu, na sake zama, na fito ina murna don babu tambayar da ban amsa ba. Sakamako ya fito, gaban lambata ba ci ba faɗuwa, fili kawai. Na je wurin jami'in jarrabawa ya ce in ga malamin, malamin ya ce ya miƙa duk takardun, aka ce in rubuta wasiƙa. Wasiƙa huɗu na rubuta. Takardar halarta da na sa wa hannu ma aka ce ba a gan ta ba. Abokan karatuna suka sa rigar yaye ɗalibai, ni ina bayan ɗakin taron ina riƙe wa wani jakarsa. Shekara guda cur na ƙara saboda takardar da ban ɓatar ba. Mahaifiyata har ta rasu tana zaton ni ne ban yi karatu ba. Don haka ƙanwata, ko yaushe kika zauna, ki tabbata kin sa hannu a shiga da fita, ki riƙe shaida.

Ɗan Baiwa: Innalillahi. Allah Ya jiƙan Mama, Ya saka maka.

Gimbiya: Wallahi na ji tausayinka Yaya. Amma me ya hana ka nemi a sake duba takardar? Mu a wurinmu cike fom kawai ake yi, kyauta.

Wanda Ya Gani: Kyauta? Abin da aka ce in biya ya kusa rabin kuɗin makarantata na shekara. Kuma me za a duba, takardar da aka ce babu?

Sarkin Kariyoba: Mu kuɗin bai taka kara ya karya ba, kuma idan makinka ya ƙaru ana mayar maka. Na biya sau biyu, sau biyun ba a mayar mini ba, kun san dalili.

Malamin Jami'a: Shekara 14 ina koyarwa, bari in ce wani abu kan tambayar yarinyar nan. Abin da ya same ki sananne ne: idan tsoro ya yi yawa jiki na sakin sinadarin adirenalin, zuciya ta yi ta bugu, damuwar ta cinye wurin da ƙwaƙwalwa ke riƙe lambobi tana aiki da su. Shi ya sa kika san amsa a ɗaki, kika rasa ta a zauren jarrabawa. A 2011 mujallar Science ta buga binciken Ramirez da Beilock, inda ɗaliban da suka yi minti goma suna rubuta abin da ke damunsu kafin jarrabawa suka fi takwarorinsu masu fargaba ci. Ki gwada. Kuma karatun dare ɗaya ba ya zama, tun 1885 masani Ebbinghaus na Jamus ya nuna yawancin mantuwa a farko-farkon nan take faruwa. Ki rarraba bita a kwanaki, ki yi barci aƙalla awa bakwai, sannan ki je ki ga malamin kwas ɗin ya nuna miki inda kika zubar da maki.

Wanda Ya Gani: Da girmanka Malam, amma ku ne matsalar. Wane malami ne zai nuna mata takarda? Ni wata uku ina zarya ban ga ko bangonta ba.

Malamin Jami'a: Ɗana, ban san inda ka yi karatu ba. Ni duk wanda ya ƙwanƙwasa ofishina ina nuna masa.

Gimbiya: Malam ka taɓa faɗuwa jarrabawa kuwa? Don ni na fi yarda da maganar wadda ta yi kukan da kanta.

Mai Lissafi: To ashe likita ma sai ya kamu da cutar kafin a sha maganinsa.

Autar Gida: Na gode ƙwarai. Anti Uwar Biyu, yau na gwada da agogo, tambaya biyu na iya kafin hannuna ya fara. Ranar Alhamis ake rufe karɓar fom ɗin sake jarrabawar. Maganar Baba fa, in gaya masa yanzu ko sai na ci?

Sarkin Kariyoba: Ki gaya wa Mama, ita ta san lokacin da ake shigar da irin wannan ƙara.

Gimbiya: Ni abin da ya fi ƙona mini rai ma shi ne yadda ake liƙa sakamako a allo kowa na gani. Lambata kowa ya haddace ta a ajinmu. Kafin in iso makaranta mutum uku sun kira ni suna ba ni haƙuri, ni ban ma san na faɗi ba.

Uwar Biyu: Ke kin samu an liƙa da wuri. Mu sakamakon zangon farko sai da muka kusa gama na biyu ya fito, lokacin rajistar kwas ya riga ya wuce.

Wanda Ya Gani: Ahaf. Malam, wannan ma laifin ɗalibai ne?