An cire kuɗin inshorar shiga Zanzibar amma takarda ba ta zo ba

Assalamu alaikum. Saura kwana 9 mu tashi daga Kano zuwa tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya, ni da maiɗakina da yara uku, don su ga tsohon garin Stone Town, da gonakin kanumfari, da jajayen biran dajin Jozani. Biza da tikiti sun kammala, abin da ya tsaya shi ne inshorar dole da aka ɗora wa baƙi tun 1 ga Oktoba 2024, dala 44 ga babba.

Da na je biya a shafin intanet na inshorar, katin naira ya ƙi sau biyu bayan na shigar da lambar da banki ya turo. Da na koma katin dala, an cire kuɗin nan take, amma shafin ya daskare a kan “ana tantancewa”, kuma yau kwana 4 ba imel, ba takardar da ake nunawa a filin jirgi. Na duba akwatin tarkacen saƙonni, na rubuta wa kamfanin inshorar sau biyu, shiru. Bankina ya tabbatar kuɗin ya fita, shi ya sa nake tsoron sake biya.

Don Allah, wanda ya taɓa shiga wannan hali, shin shaidar cire kuɗi daga banki za ta wadatar a bar mu mu shiga?