Abin da na tattaro kan canjin agogon Turai da Amurka da kalandar waya

Jama'a maganar da ake ta yi kan yadda canjin agogon Turai da Amurka ke rikita mana lokacin mitin ta yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Kusan kowa ya yarda mu a Najeriya da Nijar agogonmu baya motsi, nasu ne ke motsawa. Amurka na ƙara awa ɗaya ranar Lahadi ta biyu a Maris, su mayar Lahadin farko a Nuwamba, Turai kuma Lahadin ƙarshe a Maris da ta Oktoba. Shi ya sa a Maris akwai sati biyu ko uku da lissafi ke rikicewa, nan ne mitin ya fi tsallake mutane.

2. Mitin mai maimaituwa a Google Calendar ko Outlook yana bin agogon wanda ya ƙirƙire shi ne, in a Landan aka saka ƙarfe 10, kai a Kano za ka ga 11 lokacin sanyinsu, daga ƙarshen Maris kuma ya koma 10 ba tare da kowa ya taɓa komai ba.

3. A bar waya ta saita lokaci da kanta, kar a gyara da hannu.

Inda aka rabu: wasu sun ce a rubuta komai da UTC (agogon bai-ɗaya na duniya da baya motsi), wasu suka ce a zaɓi garin da mafi yawan mahalarta suke. Ni dai na fi karkata ga na biyun, mutane da agogon garinsu suke tashi.