Kwamfutar tebur ta hannu: i7 ko i5, wacce zan ɗauka?

Mai Lissafi:
Assalamu alaikum jama'a. Kwamfutar teburin da nake aiki da ita tun 2012 ta fara ban kwana. Faifan ajiyarta sai ƙas-ƙas yake yi, kuma kafin Excel ya buɗe na gaji da jira. Aikina bai wuce lissafi a Excel da rubutu a Word ba, sai shafuka barkatai da nake bari a buɗe a Chrome. Ba na gem, ba na haɗa bidiyo. Allo da kibod da linzami duk lafiyarsu lau, akwatin kawai nake son canjawa, kuma abin da ke hannuna ba zai kai sabuwa ba.

An nuna min guda biyu na hannu, kuɗinsu kusan ɗaya. Ta farko i7-4770, RAM (ƙwaƙwalwar aiki) 16GB, faifai mai juyawa 1TB. Ta biyu Dell OptiPlex 7060 ce 'yar ƙarama, i5-8500, RAM 8GB, SSD (faifan ajiya mai sauri da ba ya juyawa) 256GB. Raina ya fi kwantawa da ta farkon, don kusan ko'ina lambobinta sun fi girma, mai sayarwar ma ita yake ta yaba min. Don Allah masana ku ba ni shawara.

Mai Gyara:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ta biyun za ki ɗauka, kar i7 ɗin nan ya ruɗe ki. Lambar da ke bayan layin nan ita ake dubawa: 4770 zubi na 4 ne, na 2013, wato kusan sa'ar wadda kike son rabuwa da ita. Ita kuwa 8500 zubi na 8 ce, ta 2018, ƙwayoyin sarrafawarta 6, waccan kuwa 4.

Babban dalilin ma ba gudu ba ne. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma tana neman Intel zubi na 8 zuwa sama tare da TPM 2.0 (wani ɓangaren tsaro a cikin kwamfuta). Ana iya cusa wa ta farkon Windows 11 da dabara, amma ba ki da tabbacin sabuntawar tsaro, ga ki kina riƙe da lissafin mutane. Sannan jiran nan da ya ishe ki, yawanci laifin faifai mai juyawa ne. In kika sayi ta farkon, shi za ki sake kawowa gida.

Ɗan Tsokaci:
Na yarda da Malam, amma a faɗa mata gaskiya: 8GB da Chrome cike da shafuka zai riƙa numfashi sama-sama. Sa'ar dai RAM ɗinta nau'in DDR4 ne, in kuɗi sun samu sai a ƙara wani 8GB. Ki sa a buɗe miki ki ga akwai gurbin da ba kowa. Waɗannan ƙananan na ofis ba sa ɗaukar babban katin hoto, kuma akwatin wutarsu na kamfanin ne, ba kowanne ke shiga ba. Ke dai wannan bai dame ki ba tunda ba gem za ki yi ba.

Dattijo:
'Yata, kafin komai, yau ɗin nan ki kwashe takardunki daga tsohuwar zuwa filas. Faifan da ya fara wannan kukan ba ya sallama. In kin je saye kuma, kar ki biya sai an kunna a gabanki. A shiga BIOS (shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi) ki tabbatar babu kalmar sirri, don wasu ofisoshi sukan kulle kafin su sayar. A sa manhajar CrystalDiskInfo, za ta nuna lafiyar SSD ɗin da awannin da ya yi yana aiki. Ki gwada kowace kafar USB, ki kuma tambaya ko tana da Wi-Fi, da yawansu sai da waya.

Mai Lissafi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, ga shi ina kwashewa yanzu haka. Saura abu ɗaya: wayar allona mai shuɗin kai ce da ƙusoshi biyu, kuma a hoton bayan Dell ɗin ban ga irin raminta ba.

Mai Gyara:
VGA ke nan. Ita 7060 DisplayPort take zuwa da shi, ba kowacce aka sa wa VGA ba. Ki nemi adafta mai DisplayPort a kai ɗaya, VGA a ɗayan. Ki tafi da allon naki a haɗa a can, ki ga rubutu ya fito tas kafin ki miƙa kuɗi.