Ajin ƙarfafa ciki da baya: in shiga ko in dakata?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. An buɗe aji na rukuni a gidan motsa jikin da nake zuwa, na ƙarfafa ciki da baya, minti 30. Ni na'urar tafiya kawai na saba hawa. Bayana na ciwo in na daɗe a zaune, ga teɓa tun bayan haihuwa. Wadda ta taɓa shiga ta taimaka min da shawara don Allah.

Anti Nas: Wa alaikumus salam. Ki shiga ƙanwata, amma kar ki sa rai zai narkar da teɓa. Kitse ba ya sauka daga wajen da ake motsawa kaɗai, jiki ne ke rage shi gaba ɗaya. Aikin ajin yana kan tsokokin da ke riƙe da ƙashin baya: akwai wata can ciki da ta zagaye cikin kamar ɗamara, ga na kwiɓi, ga ƙanana a jikin ƙashin bayan, har da na ƙasan mara masu riƙe fitsari. Tunda kin ambaci haihuwa, ki kwanta rigingine, ki ɗan ɗago kai, ki danna saman cibiya. In yatsu biyu ko fiye sun nutse, ko tsakiyar cikin ta yi tudu, tsokar ba ta gama haɗewa ba. Ki fara ganin likita, balle in aiki aka yi miki.

Yaya Babba: Ina bayan Anti. Ni abin da ya amfane ni shi ne zuwa da wuri in faɗa wa koci sabuwa ce ni. Nan take ta ce in riƙa yin filank, wato ɗago jiki a miƙe daga rub da ciki a tokare da gwiwar hannu, a kan gwiwoyi, ba a kan yatsun ƙafa ba. Ta zo ta ɗora hannu a ƙuguna ta ce ya lotsa, in matse ciki in ɗago shi. Wannan gyaran ba za ki samu a bidiyon YouTube ba. Ki shimfiɗa tabarmarki kusa da madubi.

Maman Biyu: Tsorona kar kowa na yi ni ina zubewa.

Yaya Babba: Wallahi kowa ta kanta take, hannu na rawa, gumi na ɗiga a tabarma. In kin gaji ki sauke gwiwa ki huta.

Malamar Kimiyya: Ga masu ciwon baya, Farfesa Stuart McGill na Jami'ar Waterloo a Kanada ya yi fice da motsi uku: ɗago kai da kafaɗa kaɗan a rigingine, tokarewa a kan gwiwar hannu ta gefe ɗaya, da miƙa hannun dama da ƙafar hagu a tsayuwar rarrafe, sannan a sauya. Kowanne riƙon kusan daƙiƙa 10 ne, ana maimaitawa. Shi ya sa ba na son ajin da ake gasar wa zai fi daɗewa, ko ake ta tashi zaune daga kwance da sauri ana jan wuya da hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako, ba sai kullum ba.

Anti Nas: Sai numfashi, kar ki riƙe shi, yana ɗaga jini, masu hawan jini su kiyaye. Tsamin jiki kuma zai zo, ya fi tsanani tsakanin awa 24 zuwa 72, ko dariya kika yi sai kin ji a cikinki. Wannan ba matsala. Amma ciwo mai suka, ko wanda ke sauka ƙafa da dindiris, ki tsaya nan take.

Maman Biyu: Na gwada, yatsa ɗaya ne ya shiga, kuma ba aiki aka yi min ba. Allah ya saka da alheri. Takalmi fa?

Yaya Babba: Ya danganta da ajin, namu da safa muke yi. Ki tambayi koci, ki tafi da tawul da ruwa.